Kada mu kashe birkin baya

Wanga jawabi wani tsohon makaniki na Birnin Ƙonni ya yi shi a bakin tasha, gaban direbobi da masu motocin ƙauye da yara masu koyon aiki. Mun rubuta shi yadda ya faɗa, don wanda bai samu zuwa ba shi karanta, shi kuma karanta ma wanda bai iya ba tukuna.



Ƴan uwana direbobi, iyayen gida masu motoci, da ku samari ƴan aparanti, barkanku da zuwa. Na ga mutanen Malbaza. Na ga na Dogarawa da Galmi. Na ga waɗanda sunka taso tun daga Illela. Illelarmu nike nufi, ta wajen Badagishiri, ba ta ƙetaren iyaka ba, ko da shike su ma ga su can zaune. Sannunku da hanya.

Ni ba malami ba ne. Kun ga hannuna, baƙin mai ya riga ya zauna. Abin da na gani ƙarƙashin mota shi zan faɗa muku. Yau maganarmu guda ce: birkin baya na tsohuwar mota.

Motocin da ke ci da mu ba sababbi ba ne. Peugeot 404 ta fara fita Faransa a 1960. 504 ta biyo ta a 1968. A 1975 anka buɗe gidan haɗa Peugeot a Kaduna, daga nan 504 ta cika ƙasashen nan biyu. Yanzu an daɗe da daina yin ta, amma har gobe za ka ga bashe ta fito daga ƙauye da buhun albasa har sama, mutane bisa buhu. Ga tsofaffin Toyota, su Hilux da Hiace da Starlet. Mafi yawansu irin birki guda gare su a baya, wanda muke ce ma tambur. Wani Bafaranshe, Louis Renault, ya sa shi ga mota tun 1902. Dabara ce tsohuwa, mai sauƙi, mai ƙarko. Wanda ya iya gyaran injin ban ruwa na garka, zai iya gane ta.

To, mi ya sa na zaɓi wagga magana?

Ga dalili. Mota ta zo gareji. Na buɗe baya, na tarda an dandaƙe bututun man birki da guduma, an lanƙwasa shi. Wata an cusa ƙusa a bakin bututun an ɗaure. Na tambayi direba. Ya ce: «Baba, mai ke yoyo ta nan, shi ne munka kashe ta. Ai na gaba na kamawa.» Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kada kowa shi sunkuyar da kai, na san akwai masu irin wagga mota a cikinmu yau.

Gaskiya ne, in mota ba ta da kaya, birkin gaba shi ke yin mafi yawan aiki. In ka taka birki nauyi na zubowa gaba. Shi ya sa direba ke gwadawa cikin gari, mota wayam, shi ga ta tsaya, shi ce lafiya lau. Amma mu yaushe muke tafiya wayam? Ka ɗora albasar Galmi, ko simintin Malbaza, ko gero da mutane ranar Laraba ana zuwa kasuwar Ƙonni. Nauyin duka bisa ƙafafun baya shike. Ranar nan ce mota ke neman birkin baya, ranar nan ce kuma babu shi.

Ku riƙe wanga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowane daƙiƙa guda. In ka ninka gudu sau 2, filin da mota ke bukata kafin ta tsaya ba sau 2 za shi ƙaru ba, sau 4 ne. Jaki ko amalanke sun fito maka a Tsarnawa, wajen mararrabar Tawa, ko yaro ya ƙetare kwalta a Gidan Idar. Mita biyar ɗin da birkin baya zai rage maka, su ne tsakanin ka koma gida da ka kwana wurin jandarma, wani kuma a kai shi makwancinshi.

Yadda abin ke aiki

Ku ɗauki ƙwarya a zuci. Ƙwarya tana juyawa. Ka sa hannu biyu cikinta, ka buɗa su, ka danna gefenta daga ciki. Sai ta tsaya. Shi ke nan birkin baya. Ƙwaryar ita ce tambur, ta ƙarfe ce, tana juyawa tare da taya. Hannu biyun su ne ƙarafa biyu masu kama da jinjirin wata, muna ce musu mashwar, ƴan Najeriya su ce shu. A bayan kowane an manna wani abu mai kaushi, garnitir, shi ne ke gogar tambur, shi ne kuma ke cinyewa.

Wa ke buɗa su? Mai. In ka taka feda, babban silinda da ke gaba shina tura man birki cikin bututu. Man ya iso ƙaramin silinda da ke cikin tambur. Cikinshi akwai fistan biyu da robobinsu. Su tura mashwar waje. In ka ɗaga ƙafa, rasor su jawo su su koma. Birkin hannu shi ma waɗannan mashwar ɗin shike ja, amma da waya, ba da mai ba.

Kullum garnitir na cinyewa kaɗan kaɗan. Rata na ƙaruwa tsakaninshi da tambur. Sai feda ta dinga nisa kafin birki shi kama. Gyaran wannan rata shi ake ce ma saiti, ko reglaji. Ba shi cin ko dala, sai ƙwazo.

Ƙafarka za ta gaya maka ciwon, in ka saurare ta. In feda ta yi ƙasa amma da tauri, in ka taka sau biyu ta taso, yawanci rata ce. Ga gwaji mai sauƙi: ja birkin hannu kaɗan, ka sake takawa. In feda ta taso sama, to mashwar na baya ke son saiti. In feda ta yi laushi kamar ka taka soso, iska ta shiga bututu. In kuwa ka taka ka riƙe, ta dinga nutsewa sannu sannu har ƙasa, mai na gudu wani wuri, ko robar babban silinda ta mutu. Wagga mota ba ta ɗaukar mutum sai an gyara.

Kafin ka taɓa kile

Nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ƙasarmu rairayi ce, kirik na nutsewa. Sa katako mai faɗi ƙarƙashinshi. Sa mota cikin giya, ka tare ƙafafun gaba da duwatsu, gaba da baya. Sassauta notin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. In ta ɗagu ka tokare ta da kututture mai kauri. Kada ka yarda da kirik shi kaɗai. Kada ka yarda da bulon siminti, shina fashewa ba sallama. Ku yara, da ku nike. Ƙafar mutum ba a sayar da ita a shagon kayan mota.

Sannan ka saki birkin hannu. In ba ka sake shi ba, tambur ba ya fita ko ka kwana kana bugu.

Wani tambur ƙananan sukurori ke riƙe shi. Wani, kamar na ƙananan motoci, babban noti ne a tsakiya, da boris a ciki, sai ka kiyaye kada boris shi faɗa cikin rairayi. Na Toyota da yawa suna da ramu biyu masu zare a fuska. Ka ɗaura ƙusoshi biyu masu zare a ciki, ka juya wannan kaɗan, wancan kaɗan, tambur shi fito da kanshi. In ya ƙi, kada ka yi fushi. Yawanci baki ne ya yi daga ciki, mashwar sun maƙale. Mai da saitin baya tukuna, ka ƙwanƙwasa kewaye da guduma, da katako a tsakani. Ƙarfen tambur zubi ne, bugu mai ƙarfi na tsaga shi.

In tambur na waje, kada kowa shi taka feda. Fistan za su yi tsalle su fito, mai shi zube. A gaya ma yaron da ke zaune cikin mota shina wasa da sitiyari.

Za ka tarda baƙar ƙura a ciki. Kada ka hura da baki. Kada ka hura da iskar mai faci. Garnitir na dā da wani abu ake yin shi, amiyant, wanda ƴan Najeriya ke ce ma asbesto. Ƙurarshi in ta shiga huhu ba ta fita, tana kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana aiki da shi tun 1997. Amma kayan da ke zuwa kasuwarmu daga ko'ina suke, ba ka iya ganewa da ido. Jiƙa tsumma ka share, ka rufe hanci, ka wanke hannu kafin ka sa shi cikin tuwo.

Buɗe ɓangaren biyu duka, dama da hagu, amma ka warware guda kawai. Ɗayan shi ne malaminka. In ka manta inda rasor ya shiga, ka zagaya ka duba. Yanzu kuma ga salula a aljihun kowa. Ɗauki hoto kafin ka cire komi. Mu lokacinmu a ƙasa muke zanawa da tsinke, iska ta zo ta share.

Abin da za ka duba

Fara da garnitir. In kaurinshi ya komo wajen milimita ɗaya da rabi, ya ƙare. In na ƙusa ne, kada ka jira kan ƙusa ya fara gogar tambur. In ya tsage, ko ya fara ɓamɓarewa daga ƙarfe, a canza. Kuma a canza duka huɗu, dama da hagu. In ka sa sabo gefe guda, tsoho gefe guda, mota za ta dinga fizga gefe in ka taka. Akwai masu ɗora sabon garnitir bisa tsohon ƙarfe. In aikin na ƙwarai ne babu laifi. Amma ka duba da kyau. Wanda anka manna da gam na banza, zafi na sakin shi, shi naɗe cikin tambur, taya ta kulle mota na gudu.

Sannan ka duba jiƙa. Birki wuri ne busasshe. In ka ga danshi, nemi inda ya fito. Ɗaga ƴar robar da ke bakin ƙaramin silinda. In ka ga mai a ciki, silinda ke yoyo. In kuwa mai ne mai kauri, mai wari, na aksil ne, robar da ke tare shi ta mutu. Kowanne da maganinshi.

Nan ne ake kashe birki. Direba ya ga yoyo, hanya na jira, fasinja na gunaguni, sai a kawo guduma. Alhali abin da ya lalace roba ce ƴar ƙarama, ko silinda guda wanda bai kai tafin hannu ba. Cire shi ka duba cikinshi. In santsi gare shi kamar madubi, sabuwar roba ta isa. In tsatsa ta ci shi ta yi ramu, roba ba ta zama, a sayi silinda. Ku gwada kuɗɗinshi da kuɗɗin buhun albasa guda. Ku gwada shi da kuɗɗin taya guda. Ban ce ku gwada shi da ran mutum ba, wannan ba shi da kasuwa.

Garnitir da ya sha mai ya tashi aiki. Na san dabarar da ake yi: a zuba mishi esansi a kunna wuta, a goge da takarda mai yashi. Ni ma na yi ta ina yaro. Fuskar ce kawai ke bushewa. In ya ɗauki zafi man da ke ciki shi sake fitowa. Wani lokaci shi yi santsi, wani lokaci shi cafke gaba ɗaya. Yar da shi.

Tambur ma a dube shi. Shafa cikinshi da yatsa. Ƙananan layuka ba komi. In ya yi kwari mai zurfi, a kai a feƙe shi ga masu injin dabra, ko a canza. Amma feƙewa na da iyaka. Yawanci akwai lamba rubuce a jikin tambur, ita ce iyakar faɗin cikinshi. In ya wuce ta, ya yi siriri, ba ya ɗaukar zafi. Kun ga amfanin karatun da muke zuwa da dare. Rataye shi da igiya ka ƙwanƙwasa. Mai lafiya ƙara shike kamar ƙararrawa. Mai tsaga muryarshi a dushe take. In kuwa feda na harbin ƙafarka in ka taka, tambur ya bar da'ira ya koma kamar ƙwai.

Rasor da ya miƙe ko ya yi tsatsa a canza shi. Na taɓa buɗe wata na tarda igiyar roba ta tsohon tib. Na yi dariya, daga baya na tuna mutum nawa motar ke ɗauka, dariyar ta tsaya.

Wajen mai da kaya, ku kiyaye abu biyu. A wasu motoci mashwar na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani tsawon garnitir ko kauri. Kada a juya su. Kuma ƙarfen saiti na dama da na hagu ba a musanya su, zarensu ya saɓa. Shafa giris kaɗan, kamar ƙwayar gero, inda ƙarfen mashwar ke zama bisa faranti, da bisa zaren saiti. Kada ko ɗigo shi taɓa garnitir ko cikin tambur.

Saiti

Ga inda nike son ku buɗe kunne. Mashwar ake fara saitawa. Wayar birkin hannu daga baya. Ba a juya su.

Abin da mutane ke yi, in birkin hannu ya yi nisa sai su shiga ƙarƙashi su ɗaure waya. Sanda ta kama da wuri, kowa ya ji daɗi. Amma ratar tana nan. Wayar ce ta ɗage mashwar daga mazauninsu. Feda ba ta gyaru ba, garnitir na cinyewa a karkace, waya na miƙewa har ta tsinke. Saboda haka ka fara sassauta wayar sarai.

Saiti iri uku ne a motocinmu.

Na farko shi ne na tsofaffi, irin 404 da tsohuwar Land Rover. A bayan faranti akwai kan ƙarfe da ake kamawa da kile. Yawanci kowane mashwar da nashi. Mai da tambur da taya. Juya taya da hannu, kana juya ƙarfen sannu sannu har taya ta kulle. Sannan ka mai da shi baya kaɗan kaɗan har taya ta saki. In kana jin ɗan shuu kaɗan tana juyawa, daidai ne. Ka yi ma ɗayan haka nan. Waɗannan ƙarafa tsatsa na kama su. Zuba musu mai tun da safe, ka yi da kile da ya dace. In ka cinye kansu da filaya ka sayi wahala.

Na biyu wani ɗan gare ne mai haƙora, kamar tauraro. Akwai ƴar taga a bayan faranti, da toshiyar roba. Cire toshiyar, ka sa bakin turnabis, ka tura haƙoran ɗaya ɗaya. Za ka ji ƙas, ƙas. In taya ta fara nauyi, ka shiga ka taka feda sau biyu ko uku don mashwar su zauna tsakiya. Ka sake juya taya. Sau da yawa za ka ga ta saki, sai ka ƙara. In ta kama sosai, ka mai da haƙoran baya har ta juya da hannu ba wahala. A wasu akwai wani ɗan harshe da ke hana tauraron komawa, sai ka tura shi da siririn ƙarfe tukuna. Ka mai da toshiyar. Ƴar robar nan ita ke tare rairayi da ruwa.

Na uku shi ne wanda anka ce shina saita kanshi. Wani in kana jan birkin hannu kana saki, wani in kana taka feda, wani in ka taka birki mota na tafiya da baya. Gaskiya ne shina yi, a ƙasar da babu ƙura. Nan kuwa, hunturu guda bisa hanyar jan ƙasa ya isa shi ƙame. Cire shi, ka wanke, ka tabbata zaren na juyawa da yatsa. In ka rufe, ka ja birkin hannu ka saki sau da yawa, ka taka feda, har ka daina jin ƙas ƙas daga baya.

Kada saiti shi yi yawa. Bari in tona asirin kaina. Ina aparanti, maigidana ya bar ni da wata bashe. Ina son a yabe ni. Na ɗaure ta har feda ta taso sama, da ka taɓa ta kama. Direba ya ji daɗi, ya ba ni na goro, ya ɗauki kaya ya kama hanyar Tawa. Bai wuce Tsarnawa da nisa ba hayaƙi ya tashi daga ƙafar baya. Tambur ya yi zafi har giris ya narke, garnitir sabo ya ƙone ya yi ƙyalli kamar kwalba. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Maigidana bai buge ni ba. Ya sa na tafi da ƙafata na kwance, na biya daga aljihuna. Tun ranar ban sake barin taya ba sai na juya ta da hannuna.

In mashwar sun zauna dama da hagu, yanzu ka koma ga wayar birkin hannu. Ɗaure ta har sanda ta kama sosai bayan haƙora kamar biyar zuwa bakwai, kowace mota da nata. Ka ja, ka gwada tayoyin biyu, su kulle tare. Ka saki, su juya duka biyu. In guda ta ƙi saki, wayar ta ƙame cikin rigarta.

Mai da iska

In ka buɗe silinda ko bututu, iska ta shiga, sai an fidda ta. Aikin mutum biyu ne. Guda bisa feda, guda ƙasa wajen ɗan sukurin da ke bayan silinda. A fara da ƙafar da ta fi nisa da babban silinda. Na sama shi taka sau uku shi riƙe. Na ƙasa shi buɗe, mai da kumfa su fito, shi rufe, sannan shi ce a saki. Kada a saki kafin a rufe. A yi ta yi har mai shi fito ba kumfa. Ana yi ana duba ƙoƙon mai na gaba, kada shi ƙafe, in ba haka ba aiki ya koma farko.

Man birki muna ce mishi lokit. Sunan wani Ba'amurke ne, Malcolm Loughead, wanda ya fito da birkin mai wajen 1917. Daga baya anka koma rubuta sunan Lockheed, bakinmu ya mai da shi lokit. Ku duba jikin gwangwani, za ku ga DOT 3 ko DOT 4. Shi ne na motocinmu. Wanga mai shina shan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 230. In ya tsufa ya sha ruwa, shina iya tafasa tun wajen 155. In ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba komi. Shi ya sa ba a sayen wanda anka ɗura cikin buɗaɗɗiyar kwalba a rana. Sayi rufaffe. Ka canza na cikin mota kamar kowace shekara biyu.

Ruwan sabulu ba man birki ba ne. Na san ana yi cikin daji. Ruwa a awo 100 shike tafasa, kuma shina cin silinda da tsatsa. Man inji da gazuwal sun fi shi muni, suna kumbura roba duka. In larura ta sa ka zuba wani abu don ka fito daga daji, to ka zo a hankali, ba da fasinja ba, ka faɗa ma makaniki gaskiya a wanke duka.

Wani ɗan uwa can ya ɗaga hannu. Ya ce, wani ƙarfe da ke ƙarƙashin 504 wajen aksil, mai ɗan rasor, mi ne ne amfaninshi? Madalla da tambaya. Shi ne mai rabon ƙarfi. In kaya sun danne mota, shina ƙara ma baya birki. In babu kaya shi rage, don kada baya ta kulle mota ta juya. Masu ƙara ganyen sifirin don ɗaukar kaya, ku sani kuna ruɗa shi, sai shi ɗauka mota wayam take. Kada a cire shi a yar. A kai ma wanda ya san saitinshi.

Gwaji da hanya

Ɗaure notin taya, ka sauke, ka sake ɗaurewa. Taka feda tun mota na tsaye, ka ji ta yi tauri. Nemi fili da babu mutane ba dabbobi. Yi gudun kilomita 30 ka taka. Sauko ka dubi sawu a ƙasa. Dama da hagu su yi daidai. Yi tafiyar kilomita kaɗan ba ka taka birki da yawa ba, ka kai bayan hannu kusa da tambur. Ɗumi ba laifi. In guda ya fi ɗaya zafi ƙwarai, ko ka ji ƙauri, koma ka sassauta. Sabon garnitir sai ya kwana biyu kafin shi zauna daidai da tambur. Ka lallaɓa shi, bayan mako guda ka sake duba saiti.

Da damina, in ka ratsa ruwa wajen Magiya ko wata ƙorama, ruwa na kwanciya cikin tambur. Da ka fito, ka ɗora ƙafa bisa feda kaɗan kana tafiya sannu, har ka ji ya fara kamawa. In ka ratsa laka, a buɗe a wanke.

Masu hawa duwatsun Adar, ku sa ƙaramar giya tun daga kan gangare. In ka kwanta bisa birki tun sama har ƙasa, tambur na zafi shi buɗe, shi guje ma mashwar, feda ta yi nisa daidai inda kake bukatarta. Kuma a bar kashe inji a gangare don tsimin esansi. Motar da ke da tukunyar iska a bayan feda, in inji ya mutu, taki biyu ko uku ne taimakonta ya ƙare, feda ta koma kamar dutse.

Na ga rana ta yi. Akwai wata bashe nan bayan rumfa, mai ita ya yarda a buɗe ta gaban kowa. Ya riga ya gaya mini ƙafar hagu a kashe take, kada ku yi mishi dariya, ya fi waɗanda sunka yi shiru. In mun sallace la'asar sai mu taru wurinta. Yara ku kawo kirik da kututture, da ruwa cikin bokiti da tsumma. Wanda ke da kile mai lamba 8 da mai lamba 10 shi zo da su, nawa wani ya ara bai maido ba.

 Allah shi kai kowa gida lafiya.